Ta bakin titi ko ta gindin tsamiya: yadda wani ƙauye ya auna makarantunsa

Ƙauyen da makarantunsa

Ƙauyen manoma ne a arewacin Najeriya, masu noman gero da dawa da gyaɗa, da ɗan lambu a fadama idan rani ya yi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na malaman ba, domin yawancinsu suna nan bakin aikinsu. Ni ne magatakardan kwamitin kula da makarantarmu, wanda ake kira SBMC, tun 2019. Abin da zan kawo nan daga littafin taronmu yake, sai kuma wanda idona ya gane mini.

Firamaren gwamnati biyu ne yaranmu ke iya zuwa. Ta farko tana gabas da gari, an gina ta a zamanin UPE, shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976. Ɗakuna huɗu gare ta. 'Yan aji biyar da shida ɗaki ɗaya suke rabawa, 'yan aji ɗaya kuwa a inuwar tsamiya suke zama, shi ya sa ake ce mata ta gindin tsamiya. Malamanta biyar har da hedimasta.

Ta biyu tana garin da kasuwarmu ke ci, kilomita huɗu daga gare mu, da rafi a tsakani. A bakin kwalta take, da katanga, da sabon gini mai fenti, da tuƙa-tuƙa a fili, da malamai goma sha uku. Duka biyun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ɗaya ke riƙe da su, manhajarsu ɗaya, kuma dokar UBE ta 2004 ta shafe su daidai: shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas.

Da ka tambayi kowa a gari a wancan lokacin, zai ce maka ta bakin titi ta fi. Ni ma haka nake cewa. Idan aka ce da me ta fi, sai a lissafa gini da ruwa da yawan malamai.

Nuwamba 2020: saƙon waya

An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekara. A cikin Nuwamba ne wani tela a garinmu ya samu saƙo a waya daga ƙanensa da ke ci-rani a Legas. Da Hausa aka rubuta shi, a boko. Telan ya sauke Alƙur'ani amma bai yi boko ba, sai ya miƙa wa 'yarsa wayar. Tana aji biyar a gindin tsamiya, ita ce ta uku a ajinsu a jarrabawar da ta wuce.

Ina zaune a shagon ina jiran rigata. Yarinyar ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ƙura mata ido, leɓenta na motsi. Can sai ta fara: "Es, e, en, en, yu." Ta tsaya. Haruffan ta sani, da sunayensu na Turanci, amma ta kasa haɗa su su zama "Sannu". Uban bai ce mata komai ba. Ya jawo aljihun keken ɗinkinsa ya fito da takardar sakamakonta, ya miƙo mini.

"Malam, duba mini nan. Nawa aka ba ta a Hausa?"

Na ce 78.

"To wannan lambar ta mece ce?"

Muka kai maganar taron kwamiti na Disamba. Hedimasta ya ce korona ce, yara sun yi watanni a gida duk sun manta. Muka karɓa, na rubuta haka a littafi. Ba wanda ya tuna a ranar cewa yarinyar ta yi fiye da shekara uku a makaranta kafin a ji sunan korona.

2021: ƙaura zuwa bakin titi

Labarin saƙon ya zagaya gari, kowa ya gwada nasa a gida, da yawa suka tarar da abin da tela ya tarar. Ba taro aka yi aka yanke shawara ba, kowane uba dai ya yi abin da ya ga ya fi masa. Daga Janairu zuwa Fabrairu an cire yara 31 aka mayar da su bakin titi. 'Yar tela na cikinsu. Ɗana ma na cikinsu.

Da rani abin ya tafi. Yara su fita da sanyin safiya, su dawo bayan azahar da ƙura har gira. Asarar farko ita ce karatun allo na safe, don ba a haɗa shi da tafiyar kilomita huɗu. Ta biyu kuma cunkoso. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ajin da aka sa ɗana sun haura ɗari. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, saboda haka waɗannan ajujuwan suka cika maƙil da yaran unguwannin kewaye. Baƙon yaro daga ƙauye a can baya yake samun wuri, a ƙasa, inda ko allo ba ya hangowa.

Da ruwa ya sauka sai rafi ya kawo. A Yuli da Satumba akwai safiyar da babba ma sai ya tattare wando ya dafa sanda yake ƙetarewa. Iyaye mata suka ce ba da 'ya'yansu ba, kuma suna da gaskiya. Zuwa Disamba, cikin yara 31 ɗin, 12 ne suka ci gaba da zuwa can, 11 sun dawo gindin tsamiya, 8 kuwa sun bar boko gaba ɗaya. Shida daga cikin takwas ɗin mata ne, yawancinsu talla aka ɗora musu.

Akwai kuma abin da ba mu hango ba. Da rajistar gindin tsamiya ta ragu, sai aka ɗauke mana malami ɗaya aka kai wani wuri. Muka koma huɗu.

Janairu zuwa Yuli 2022: fenti, takarda da lesin

Tunda ƙaura ba ta yi ba, sai aka ce a gyara tamu ta yi kama da tasu. Da kaka kowane gida ya ba da mudu biyu na hatsi, aka sayar, aka sayi fenti da kwano, kafinta ya yi mana benci ashirin. Matasa suka yi gayya ranar Asabar biyu. Makaranta ta yi kyau, yara sun bar zaman ƙasa, ɗigar ruwa ta tsaya a ɗakuna biyu.

Mun kuma rubuta wa sakataren ilimi takarda. An turo mai duba makarantu, amma labarin zuwansa ya riga shi isowa. Ranar kowa na nan, rajista a cike, yara suka miƙe suka rera gaisuwa da Turanci. Ya sa hannu a littafin baƙi ya tafi.

Sai lesin yamma, wanda iyaye ke biya duk wata. Na leƙa sau uku. Malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya karanta su maimaita a tare. Abin safe ne aka sake yi da yamma, sai dai yanzu ga masu iya biya kaɗai. Kafin azumi ya ƙare ya mutu don kansa.

A taron Yuni wani matashi ya ce a yi wa malaman jarrabawa irin ta Kaduna, inda a 2017 gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Dagaci ya ƙi. Ya ce ba mu muka ɗauke su aiki ba, ba mu da ikon sallamarsu, kuma idan muka kunyata huɗun da suka rage suka nemi canjin wuri, wa zai zo mana?

A watan Yuli 'yar tela ta gama aji shida. Na gwada ta da takarda: tana karanta gajerun kalmomi, ba ta iya jimla.

Oktoba da Nuwamba 2022: awo

Wani ɗan garin da ya gama NCE, karatun shaidar malanta, bai samu aiki ba, shi ya kawo shawarar da ta sauya tafiyar. Ya ce muna ta gardamar wace ta fi, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da yaran ɗaya bayan ɗaya ya ji karatunsu. Ya ba mu labarin hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, wadda aka gwada a wasu makarantun jihar Kano: a auna yaro da kati mai hawa-hawa, sannan a koyar da shi daga inda ya tsaya, ko ma wane aji yake.

Katin da hannu muka rubuta shi a bayan kwalin sabulu. Hawa biyar ne: haruffa, gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari na akuya da ta shiga gonar wake, da tambaya biyu a kansa. Sharaɗi ɗaya ne, yaro shi kaɗai zai karanta. A karatun taro baki ɗaya ne ke ja, sauran amshi suke yi, shi ya sa mai wucewa ta bayan taga yake jin kamar duk ajin sun iya.

Muka zaɓi yara 30 daga aji huɗu da biyar a kowace makaranta, ta hanyar tsallake suna a rajista don kada a ware mana gwanaye. Hedimastan bakin titi ya ɗan noƙe, sai da dagacinmu ya taka da kansa ya same shi. "Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "ba ƙarar kowa za mu kai ba. Yaranmu na wurinka, naka ne, namu ne." Ya yarda.

Ga abin da ya fito. A gindin tsamiya yara 7 ne suka karanta labarin, 9 ba su wuce haruffa ba, sauran suna tsakani. A bakin titi 6 ne suka karanta labarin, 11 suka tsaya a haruffa. Da na karanto wannan a zauren dagaci an yi shiru na ɗan lokaci, domin a cikin zauren akwai iyayen yaran nan takwas da suka bar makaranta.

Da muka sake duba takardun sai wani abu ya fito wanda ya fi na farko. Cikin bakwai ɗinmu, shida 'yan aji huɗu ne. Ƙannai sun fi yayyensu na aji biyar. Dalili bai yi wuyar ganowa ba: 'yan aji huɗu sun yi aji biyu da aji uku a hannun Malama ɗaya, wadda aka kawo ƙarshen 2020, tana kuma aure a cikin gari. 'Yan aji biyar ba su taɓa zama gabanta ba.

Na je na zauna a ajinta safiya guda. Tana da wata jaka cike da marafan kwalba, kowane da harafi a ciki da aka rubuta da jan farce. Ba ta ce wa yaro "bi" ko "si", sautin harafin take ba shi. Ta ajiye marfin k, ta tura marfin a kusa da shi da ɗan yatsa, yaro ya ce "ka". Ta ƙara z da a, ya ce "kaza", ya ɗago kai yana murmushi don ya ji abin da ya sani. Da Hausa take magana daga farko har ƙarshe, kamar yadda tsarin ilimi na lokacin ya tanada cewa shekaru uku na farko da harshen da yaro ke ji za a koyar. Kafin tara ta kira kowane yaro da sunansa aƙalla sau ɗaya.

Liman, wanda ɗan kwamiti ne, da aka kwatanta masa sai ya ce ai wannan shi ne babbaƙu da farfaru. A makarantar allo ba a kai yaro haɗa kalma sai ya san baƙi, sannan ya san wasali, kuma kowa da allonsa yake biyawa gaban malam. Wasu yaran da suka maƙale a haruffan boko na ji su da kunnena suna karanta allonsu tiryan-tiryan. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take.

Wani awon kuma na zuwan malamai ne, kuma dagaci ya sanar da su tun kafin a fara. Wata dattijuwa mai suyar ƙosai a ƙofar makaranta ta karɓi aikin. Gwangwani huɗu ta jera a bayan kaskonta, duk malamin da ya shigo kafin ta sauke mai ta jefa tsakuwa a nasa. "Ɗan nan," ta ce mini, "ni ban iya rubutu ba, amma tsakuwa ba ta ƙarya." Cikin ranakun makaranta 20, Malama ta samu 19, hedimasta 15, malamai biyun da ke zuwa a babur daga hedikwatar ƙaramar hukuma ɗaya 11 ɗaya 9. A bakin titi ba mu yi irin wannan ƙidayar ba, sai dai 'yan kasuwarmu sun shaida cewa ranar kasuwa daga an fita tara ba a komawa aji.

2023: awa ɗaya da ɗakin kwana

A Janairu muka fara. Awar farko ta kowace safiya, 'yan aji uku zuwa shida su watse su shiga rukuni uku bisa inda kati ya ajiye su. Hedimasta ya nemi izini a ofis, aka ba shi da sharaɗin kada a taɓa sauran darussa. Malama ta koya wa abokan aikinta sarrafa marafan kwalba a ranakun Asabar biyu.

Kunya ce ta fara kawo cikas. Ƙaton yaro ɗan aji shida ba ya son a gan shi kusa da ɗan aji uku, wasu har suka riƙa makara da gangan. Sai muka daina cewa rukuni na ɗaya da na uku, aka sa musu sunan inuwar da suke zama: 'yan tsamiya, 'yan darbejiya, 'yan baranda. Duk ƙarshen wata a sake jawo kati, wanda ya haye ya canza inuwa. Da yara suka ga ana hayewa, makarar ta ragu.

Cikas na biyu ya fi girma. Awar farko ita ce daidai lokacin da masu babur ba su iso ba. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin malaman ya zauna da mu ya lissafa abin da zuwa da komawa ke ci masa a wata, ya ajiye kusa da albashinsa. Ba wanda ya iya ce masa komai.

Dagaci ya ba da shago a ƙofar gidansa, aka share, aka sa tabarma da katifa da gidan sauro. Gidaje goma sha biyu suka karɓi kai tuwon dare bi da bi, daga Lahadi zuwa Alhamis. Malami ɗaya ya karɓa, yana zuwa Lahadi da yamma ya koma Juma'a. Ɗayan ya ce iyalinsa ba za su iya ba, zuwansa ya ci gaba da zama jefi-jefi. Rukuninsa sai matashin nan mai NCE ya riƙe, ana ba shi ɗan ihsani daga hatsin kaka.

Da damina ta kankama yara maza suka fara ɓacewa zuwa gona. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, aka daidaita a kan cewa lokacin noma a bar yaro ya yi awar farko tukuna, in ya so ya bi ubansa. 'Yar tela, wadda ba a kai ta sakandare ba, uwarta ta roƙa aka bar ta tana zama da 'yan darbejiya.

Oktoba 2024: awo na biyu

Da sabon labari a kati, da hanyar zaɓe irin ta farko, muka sake auna yara 30 a kowace makaranta. A gindin tsamiya 19 suka karanta labarin, 2 suka tsaya a haruffa. A bakin titi 8 suka karanta, 10 suka tsaya a haruffa. Gwangwanin malamin da ke kwana a gari ya tashi daga 11 zuwa 18. Kwamitin bakin titi ya aiko a kwafa masa katin. 'Yar tela tana karanta wa ubanta saƙo, tana kuma rubuta masa awon kayan mutane.

Lissafi bai motsa sosai ba, don ba mu taɓa shi ba. Turanci ma haka, ga shi da shi ake karatu a sakandare. An dakatar da shirin ciyarwa a Janairun 2024, 'yan aji ɗaya suka ragu a makarantun biyu. Malamanmu har yanzu huɗu ne.

Abin da na gani a ciki

Yara 30 ba su da yawa, kuma waɗanda aka auna a 2024 ba su ne na 2022 ba, don haka ba zan ce lambobin nan sun wuce shaidar ƙauye ɗaya ba. Amma daga 7 zuwa 19, a lokacin da maƙwabciyarmu ta tashi daga 6 zuwa 8, ya fi ƙarfin a ce dace ne.

A ganina makarantun biyu ba su da wani bambanci a 2022 ta fuskar abin da aka kai yaro ya samo. Bambancin na gaske yana cikin makarantarmu, tsakanin ɗaki da ɗaki, mun kuma yi shekara biyu muna wuce shi kullum ba mu leƙa ba. Takardar sakamako ba ta nuna mana ba, domin jarrabawar kwafe da hadda take aunawa, kuma zama na uku a ajin da ba a iya karatu ba bai ce komai ba. Fenti da benci ba asara ba ne, yara sun cancanci zama a kan benci, sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Lesin ya faɗi saboda ya ninka hanyar da ta riga ta gaza. Awar safe ta yi aiki saboda an fara daga inda yaro ya tsaya, da harshen da yake mafarki da shi, ana jin muryarsa shi kaɗai. Ita kuma ba za ta tsaya ba da ba a samu malami a aji ƙarfe takwas ba, wanda shago da tuwon dare suka kawo bayan takardar ƙorafi ta kasa.

Abu biyu ba su kwanta mini ba. Yarjejeniyar damina ta ceto awa ɗaya ta sallama sauran yinin, kuma ina ganin mun yi saurin yarda da ita. Sannan duk ginin nan a kan Malama ɗaya da matashi ɗaya marar albashi yake tsaye. Takardar canjin wuri guda ta isa ta girgiza shi, kuma ciyar da malamin gwamnati ba nauyin manomi ba ne ko da ya ɗauka da zuciya ɗaya.

Ƙaurar 2021 ita ce ta fi yi mini ciwo, don ina cikin waɗanda suka fara cire ɗansu, wasu kuma ganina suka yi suka bi. Gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Ɗana ya dawo, ya kuma koyi karatu a inuwar darbejiya. Cikin yaran nan takwas, uku mun samu mun dawo da su a 2023. Biyar ba su dawo ba, huɗu daga cikinsu mata ne, biyu an riga an yi musu aure. Sauran ukun suna cikin gari, sunayensu na shafin farko na littafin taronmu, a jerin gidajen da ni da liman za mu sake shiga bayan an gama girbi.